Gani Ya Kori Ji? Magana Kan Fina-finan Tarihin Mutane

Ranar wata Asabar bayan isha'i muna zaune a fadarmu, shayi na biyu yana kan gawayi, sai ga wani abokinmu da kwamfutarsa a hammata, wai ya samo fim ɗin Sarraounia. An ɗauke kuran tun la'asar, amma batirinsa na da sauran rai. Muka matso mu wajen tara, muka haɗa kai kan ɗan allon nan. Awa biyu cur ba wanda ya ta da maganar ƙwallo. Da fim ya ƙare sai ɗayanmu ya buga cinya ya ce: "Kai! Ashe mace guda ce ta wargaza rundunar Nasara!"

Wani kuma, Ba'are ne ɗan wajen Dogon Dutsi, ya kurɓi shayinsa ya ce: "Ni dai kakata ba haka ta ba ni labarin ba. Sannan ku gaya mini, mi ya sa Sarauniyar Lugu ba ta jin Hausa?"

Aka kwashe da dariya. Na farkon ya ce: "Ɗan uwa, kakarka ji ta yi, mu kuwa gani muka yi. Gani ya kori ji."

Wannan amsa ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro. Karin maganar gaskiya ne idan abin da ka gani shi ne abin da ya faru. To mu mi muka gani a daren nan? Mun ga wata ƴar wasa ƴar Burkina Faso, Aï Keïta, sanye da kayan da aka ɗinka mata, tana faɗin maganar da aka rubuta mata, shekara 87 bayan yaƙin. Kakar abokinmu kuwa ta ji daga bakin waɗanda iyayensu suka gudu daji a ranar. Amma a fada, fim ne ya ci gardama. A nan ƙarfin irin waɗannan fina-finai yake, a nan kuma haɗarinsu yake. Abin da nake so mu duba ke nan, mu da yawancin tarihin da muka sani yanzu ta waya ya shigo mana.

Abin da fim yake iyawa

Bari in fara da yabo, don kada a ce na zo rushe gini ne. A lakwal an koya mana rundunar Voulet da Chanoine. Mun hardace shekarar 1899, mun rubuta a jarrabawa, mun manta. Layi uku ne a kaye. Amma wanda ya kalli fim ɗin Med Hondo ya ga yadda ake cinna wa gari wuta, ya ga ƴan dako ɗaure suna faɗuwa, ya ga sojan da yake baƙi kamarsa yana harbin baƙi don an yi masa alkawarin ganima, wannan ba zai sake karanta layi ukun nan da sanyin zuciya ba. Idan ya bi ta Birnin Konni, garin da rundunar ta yi wa kisan gilla a watan Mayu na shekarar, zai dubi wurin da wani ido. Littafin makaranta yana ba ka adadi. Fim yana sa adadin ya yi fuska, ya yi numfashi.

Haka Lion of the Desert na Moustapha Akkad, wanda ya fito a 1981. Kusan kowa a cikinmu ya san Umar Mukhtar ta wannan fim ne. Malamin allo, tsoho mai tabarau, wanda ya yi shekara ashirin yana fafatawa da Italiya a Libiya har suka kama shi suka rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931 a gaban mutanensa da suke tsare a sansani. Fim ɗin ya nuna sansanonin, ya nuna shingen waya mai ƙaya da aka ja a kan iyakar Masar don a yanke wa mayaƙa hanyar abinci da makamai. Ya yi zafi har hukumomin Italiya suka hana nuna shi a 1982, sai a 2009 aka sa shi a talabijin ɗin ƙasar. In da fim wasa ne kawai, da gwamnati ba ta ji tsoronsa shekara 27 ba.

Ga kuma Lumumba na Raoul Peck, na shekarar 2000. Peck mutumin Haiti ne da ya yi ƙuruciya a Kwango, kuma kafin wannan fim ya riga ya yi wani na shaidu da tsofaffin hotuna kan mutumin. Ya buɗe labarin da abin da aka daɗe ana rufewa: Turawa biyu cikin dare suna daddatsa gawa don kada a samu kabari. Daga nan ya koma baya ya nuna mana yadda firaministan da bai cika wata uku a kan mulki ba ya ƙare a Katanga ranar 17 ga Janairu 1961, tare da Maurice Mpolo da Joseph Okito. Fim ɗin ya ambaci sunaye. Har wani tsohon jami'in Amurka, Frank Carlucci, ya yi barazanar kai ƙara, aka toshe sunansa a kwafin da aka nuna a talabijin ɗin Amurka. Fim ɗin ya fito daidai lokacin da majalisar Beljiyam take binciken kisan. A 2002 gwamnatinsu ta nemi gafara, a 2022 ta mayar wa iyalinsa haƙorinsa, abin da ya rage ke nan na jikinsa. Ban ce fim ne ya yi wannan aiki shi kaɗai ba. Amma ya kai maganar kunnen waɗanda ba za su taɓa buɗe rahoton majalisa ba.

Akwai wani alheri kuma da ba a cika faɗi ba. Fim mai kyau yana nuna yadda mutum yake sauyawa. Malcolm X na Spike Lee, na 1992, ya fi awa uku, kuma ya yi amfani da tsawon nan. Ka ga Denzel Washington ɗan iskan gari mai gyaran gashi, ka gan shi fursuna yana bin ƙamus kalma kalma, ka gan shi mai wa'azi mai zafin harshe, sannan ka gan shi a aikin hajji a 1964 yana warware wasu abubuwan da ya daɗe yana ɗaurewa. Saurayin da ya kalli wannan zai fahimci cewa manyan mutane ba da rawani aka haife su ba. Sun yi kuskure, sun canza ra'ayi, sun biya farashi. Wannan darasi ne da kirari ba ya bayarwa.

Inda gizo ke saƙar

Rayuwar mutum shekara arba'in ce, ko saba'in. Fim awa biyu ne. Dole a yanke. Ba laifi ba ne a yanke, tela ma yana yanka. Tambayar ita ce: mi aka zubar a ƙasa, kuma wa ya zaɓa?

Mu tsaya kan Malcolm X ɗin da na yaba yanzu. A fim, wani fursuna mai suna Baines ne ya jawo shi cikin ƙungiyar Elijah Muhammad. Babu wani Baines a duniya. An haɗa mutane da yawa ne aka dunƙule su mutum guda don labari ya yi sauƙin bi. A zahiri ƴan uwansa na jini ne suka riƙa rubuto masa wasiƙa suna ziyartarsa har ya karɓa. Yayarsa Ella Collins, wadda ta riƙe shi a Boston yana yaro, ta kuma ba shi kuɗin tafiya hajji, ba ta cikin fim ɗin sam. Ka ga abin da yankan ya haifar: mutumin da dangi suka tallafa ya koma mutumin da ya tashi shi kaɗai. Mu da muka san cewa kowane ɗalibi a cikinmu akwai wata yaya ko wani kawu da ke aiko masa da jika biyu a ƙarshen wata, ya kamata wannan ya dame mu. Fina-finan nan suna son gwarzo tilo, kuma kusan kullum mata da dangi da talakawan da suka ɗauki kaya ne ake sharewa don gwarzon ya fito fes.

Sai maganar kuɗi. Hausawa sun ce mai abu da abinsa. Gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin Lion of the Desert, wajen dalar Amurka miliyan 35. Umar Mukhtar kuwa shehin ɗariƙar Sanusiyya ne, a zawiyoyinta ya yi karatu, da sunanta ya yi yaƙi, har ta taɓa tura shi can yankin Cadi inda ta yi karo da Faransa. Amma Gaddafi ya hau mulki ne a 1969 ta hanyar kifar da Sarki Idris, shugaban wannan ɗariƙa. Sai ka kalli fim ɗin tun daga farko har ƙarshe da ƙyar ka gane matsayin Sanusiyya a yaƙin. Ba a yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba. An dai yi shiru a inda mai kuɗi yake son shiru. Haka Gandhi na 1982, wanda ya ci kyautar Oscar takwas, kuma gwamnatin Indiya ta sa hannu a kuɗinsa. Ambedkar, jagoran waɗanda ake ƙyama a tsarin jinsin Indiya, mutumin da ya ja da Gandhi ja mai tsanani, ya kuma jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar, ba shi da gurbi a cikin awa ukun. In ka cire mai gardama da mutum, ka mai da shi waliyyi ba tare da ka ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

Abu na gaba ya fi shafar mu Afirkawa. Sau da yawa masu kuɗin fim suna ganin ƴan kallonsu ba za su bi labarin baƙar fata ba sai an sa musu ɗan jagora fari. A Cry Freedom na 1987, Steve Biko ya mutu fim bai yi nisa da rabi ba, sauran duk labarin yadda ɗan jarida Donald Woods ya tsere da iyalinsa ne daga Afirka ta Kudu. Woods mutum ne na gaske, ya kuma yi abin kirki, amma wa aka kashe a hannun ƴan sanda a 1977? A The Last King of Scotland na 2006 abin ya wuce nan. Forest Whitaker ya yi Idi Amin har ya ci Oscar, wasansa kuwa ba a magana. Sai dai likitan nan ɗan Sikotlan da muke kallon komi ta idonsa, ƙagagge ne daga littafin Giles Foden. Ƴan Uganda da suka mutu da gaske sun koma bango, mu kuma zuciyarmu tana ɗar-ɗar ko Baturen da bai taɓa rayuwa ba zai samu shiga jirgi.

Mafi haɗari duka shi ne fim kan mutumin da yake raye. Hotel Rwanda na 2004 ya ba duniya Paul Rusesabagina, manajan otal ɗin Mille Collines a Kigali, inda mutum 1,268 suka fake suka tsira a kisan ƙare dangi na 1994. Shi kansa yana cikin waɗanda suka ba masu fim shawara. Bayan shekara guda ya karɓi babbar lambar yabo daga shugaban Amurka. Daga baya wasu daga cikin waɗanda suka fake a otal ɗin suka fito suka ce ba haka aka yi ba, har da zargin cewa an karɓi kuɗin ɗaki a hannunsu. Magoya bayansa suka ce gwamnatin Kigali ce ke ɓata shi don ya zama ɗan adawa. A 2020 aka yaudare shi ya hau jirgi daga Dubai ya tsinci kansa a Kigali, a 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 25 kan laifin ta'addanci, a 2023 aka sake shi. Ni ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Abin da na lura shi ne, duk mai magana kan mutumin, na Turai ko na Afirka, fuskar Don Cheadle ce a ransa. Fim ya riga ya yanke hukunci tun shaidu ba su gama magana ba, kuma ba a ɗaukaka ƙara a gaban fim.

Mu koma Lugu

Yanzu bari mu dawo gida mu auna namu da wannan mudu. Fim ɗin Sarraounia daga littafin Abdoulaye Mamani aka ɗauko shi, wanda ya fito a 1980. Littafin ƙagaggen labari ne da aka gina kan abin da ya faru. Mamani ɗan Sawaba ne, ya sha gudun hijira, ya sha kurkuku. Mutum ne da yake neman wata fuska da ƴan ƙasa za su kalla su ɗaga kai, ya kuma same ta a Lugu. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya so ya ɗauki fim ɗin a Nijar, amma hukumomin lokacin suka janye ana dab da farawa, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓe shi. Amsar tambayar abokinmu Ba'are ke nan: ƙasar Burkina aka ɗauka, ƴan wasan can aka samu, shi ya sa kake jin Julanci da Fillanci da Faransanci a inda kunnenka yake jiran Hausar Arewa. Fim ɗin ya fito a 1986, ya ci Ingarman Yennenga a bikin Fespaco na 1987. Ya cancanta. Har gobe yana cikin manyan fina-finan Afirka.

To mi ya faru a zahiri? A tsakiyar watan Afrilu 1899 rundunar ta auka wa Lugu. Aznan wurin ba su miƙa wuya ba, sun yi turjiya, sun kashe wasu sojoji, sannan suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. Wannan abin alfahari ne, domin garuruwa da yawa da suka fi Lugu girma ba su iya ko haka ba. Amma rundunar ba a Lugu ta watse ba. Bayan Lugu ne ta yi ɓarnar Konni. Wata biyu bayan haka, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya karɓi ragama daga hannunsa, a Dankori kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet, a wajen Maijirgi. Kuma ko a nan labarin bai ƙare ba. Sauran hafsoshin suka tattara rundunar, suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga Damagaram a ƙarshen watan nan na Yuli. Sarki Ahmadu Kuran Daga bai ga ƙarshen shekarar ba. Wani ɓangaren rundunar ya zarce har tafkin Cadi, inda tun farko aka aike ta.

Mai kallon fim kuwa yana tashi da jin cewa tsoron Sarauniya ne ya cinye rundunar, yana kuma tashi da hoton sabon gari inda kowace ƙabila da kowane addini suka taru ƙarƙashin inuwarta. Hoto ne mai daɗi, kuma na gane abin da Hondo yake nufi: yana yi wa Afirkar zamaninsa wa'azin haɗin kai ne. Amma inda mai fim ya zaɓi ya tsaya, nan ne ma'anar labarinsa take. Ka tsaya a Maijirgi, ka samu labarin nasara. Ka ƙara kwana goma sha huɗu, ka samu labarin yadda aka ci ƙasarmu shekara sittin. Ɗan Damagaram da ke cikin fadarmu ya fi kowa sanin wannan, don a garinsu aka kafa tutar.

Akwai kuma abin da kakar abokinmu take nufi. Sarauniya a Lugu sarauta ce ta gargajiya, ana gadonta, akwai masu riƙe da ita kafin Mangu, akwai bayanta. Aikinta na tsafi ne da kula da ƙasa da ruwa da iskoki. A bakin tsofaffi da yawa, da asiri ta yi yaƙinta, maza suka riƙe baka. Littafi da fim suka ba ta horon yaƙi tun ƙuruciya, suka ba ta jawabai irin na shugaban juyin juya hali. Sun mai da ita abin da ɗan boko na 1980 zai iya so ba tare da ya ji nauyi ba. Yau sunanta yana kan gidan rediyo da talabijin, yana kan lambar girma ta ƙasa. Ina murna da haka. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wace Sarauniyar muke girmamawa, ta Lugu ko ta Mamani? Da yawa daga masu kiran sunanta a taro, in aka kai su gaban ta gasken da al'adunta, baya za su ja. Fim ya ɗaukaka sunan, ya kuma rufe matar.

Irin wannan ce ta samu Amina ta Zazzau a fim ɗin Izu Ojukwu da Netflix ta sa a 2021, har ma abin ya fi muni. Abin da aka sani tabbas game da Amina kaɗan ne, masana ma ba su daidaita kan ƙarnin da ta rayu ba. Inda tarihi ya yi shiru, mai fim yana da damar cikewa, ban musa ba. Amma da mi za ka cike? In ka cike da Turanci da faɗan filin wasa irin na fina-finan Rumawa, ka samu wata jaruma, sai dai ba ta san hanyar Zazzau ba. Hondo aƙalla ya cike gurbinsa da ƙasar Sahel da tunanin Afirka.

To yaya za mu yi?

Ba cewa nake a daina kallo ba. Wanda ya ce a bar fim a koma littafi kawai, bai san kuɗin littafi a Yamai ba, bai kuma san yawan ƴan uwanmu da ba su samu shiga lakwal ba. Kuma littafin tarihi shi ma mutum ne ya rubuta shi, shi ma yana yanka. Takardun da sojan Faransa suka bari kan Lugu ƴan layuka ne, ai su ma ba za su yabi wanda ya ba su kunya ba. Bambancin shi ne, littafi yana barin ka tsaya ka yi gardama da shi, fim kuwa yana ja ka da kiɗa da hawaye, ba ya ba ka sararin cewa "dakata". Sai mu ƙwaci sararin da kanmu. In an kashe kwamfuta, kafin a zuba shayi na uku, a tambaya: wa ya ba da kuɗin fim ɗin nan? Wa ya kamata a gani a ciki amma ba a gan shi ba? Mi ya faru kashegarin ranar da fim ya ƙare? Wanda yake da megabit a wayarsa ya duba, wanda yake da kaka ya je ya tambaye ta tun tana nan.

Maganar ta fi nauyi a kanmu mu masu son rubutu. A cikin masu karanta wannan ɗan littafi akwai waɗanda gobe za su riƙe kamara. Labaran suna nan jibge ba a taɓa ba: Kawusan da kewaye Agadas a 1916, Djibo Bakary da ƙuri'ar "a'a" ta 1958, Diori Hamani da daren 15 ga Afrilu 1974 da aka kashe matarsa Aïssa, Seyni Kountché da shekarunsa goma sha uku. Waɗannan ba mutanen Kwango ko Indiya ba ne. Ƴaƴansu da jikokinsu suna cikinmu, waɗanda suka ji daɗinsu suna nan, waɗanda suka sha wuya a hannunsu su ma suna nan, wani lokaci a gida ɗaya. Kuma mu mutane ne da muka tashi cikin al'adar kirari, inda maroƙi ba ya faɗin aibin wanda ya ba shi riga. Ranar da wani mai kuɗi ko wata gwamnati za ta ce ga miliyoyi a yi fim ɗin wane, jarabar za ta zo da ƙarfi: a yi waƙar yabo mai hoto. Wani kuma zai so ya yi zambo mai hoto don ramuwa. Duka biyun aikin maroƙi ne.

Muna da wani misali a gida da ya kamata mu riƙa tunawa. Oumarou Ganda ya yi yaƙin Indocin a rundunar Faransa. Da ya zo yin Cabascabo a ƙarshen shekarun 1960, daga rayuwarsa ya ɗebo labarin, shi ya kuma fito a ciki. Yana da damar ya mai da kansa gwarzon fagen fama. Sai ya nuna tsohon soja da ya dawo da kuɗi, abokai da maroƙa suka taya shi cinyewa, suka watse, ya ƙare yana neman aikin ƙarfi. Mutumin da ya iya yi wa kansa wannan adalci, shi ne za a iya ba amanar rayuwar wani.

A makon da ya biyo baya mun sake haɗuwa a fada. Abokinmu mai "gani ya kori ji" ya ce har yanzu yana kan bakansa, fim ɗin ya fi labarin kaka daɗi. Ba'aren ya ce bai musa daɗi ba. Muka yi shawara in an yi hutu za mu haɗa kuɗin mota mu raka shi garinsu, mu gaida tsohuwar, mu kunna mata fim ɗin a waya, mu ji mi za ta ce. Ya ce mu taho da goro, kuma mu shirya zama, don in ta fara ba ta tsayawa a awa biyu.